Sitiyarin Alhaji Mamman Mai Hannu Ɗaya da Rabi

Ku samarin yanzu, waya ta ɓata ku. Kun ga wani Bature a bidiyo sanye da farar riga, ko ɗigon baƙin mai babu, ya zare inji daga mota ya zura wani ana ta kiɗa, minti takwas an gama. Shi ke nan sai ku zo garejina ku harɗe hannuwa kuna ce mini, "Oga, ai canjin inji ba wani abu ba ne." To madalla. Zan ba ku labarin mota guda ɗaya, wadda ta ci mini mako biyar, da farce biyu, da rabin gashin kaina. Sauran rabin kuwa, iyali ne suka ƙarasa shi.

Sunana Garba. Na haura shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a Talata Mafara, har na fi sanin cikin mota daga ƙasa fiye da fuskar maƙwabcina. Amma ba da mota na fara ba. A Maradun na koyi aiki, wajen marigayi Malam Isa mai gyaran injin ban-ruwa, Allah Ya jiƙansa. Shekara biyu cur ban taɓa sifana ba sai in zan wanke ta. In na tambaye shi yaushe zan fara kwance inji, sai ya miƙo mini fasasshen tiyo. Tiyon ban-ruwa in ya fashe, yanke wurin za ka yi, ka zura guntun bututu a tsakiya, ka naɗe da robar tsohon tub na taya, kana ja har sai robar ta yi kuka, sannan ka soke bakinta ta ƙasa. Na ɗaure tiyon da in an jera shi zai kai Makka ya dawo. Manoman fadama har layi suke yi a kaina. Ku riƙe wannan, don ƙwarewar nan ce ta kusa ƙone mini gareji daga baya.

Garejin nawa ba wani gini ba ne. Inuwar darbejiya ce, da rami, da benci, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, da kacar ɗaga inji da ke rataye a babban reshe. Reshen nan ya ɗauki injunan da suka fi raƙumi nauyi bai taɓa cewa uffan ba. Yawancin masu kawo mini aiki dillalan shanu ne da mahauta, mutanen da mota a wajensu jaki ce mai shan fetur: a loda mata, a dake ta, in ta kwanta a kira Garba.

Sai ga shekarar nan da kowa ya sani, da aka rufe kasuwannin dabbobi, aka yanke layin waya, fetur kuma aka koma ba da shi kamar maganin tari. Wanda ba ya zuwa kasuwa ba ya kashe mota, wanda bai kashe mota ba kuwa bai san ni ba. Ƙadangaru suka tare a ramin gareji har suka naɗa sarki. Wata kaza ta yi ƙwai cikin akwatin kayan aikina, ta kwanta, ta ƙyanƙyashe, ta yaye 'ya'yanta, ban sami dalilin da zai sa in tashe ta ba.

Ina zaune wata safiya ina ƙirga ƙadangarun nan, sai na hango shanun huɗa biyu suna jan wata jar aba. Mota ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ta lafe da ƙasa kamar an taka ta. In za ka shiga sai ka naɗe kanka kamar tabarma. A bayanta ga amalanke ɗauke da inji mai fulogi shida, ƙato, baƙi wuluk. A gaban tawagar kuma ga Alhaji Mamman, dillalin shanu, ɗan ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ya biyo baya ba.

Muka gaisa dai yadda ya kamata, gida, iyali, gajiya, zaman haƙuri. Sannan ya ce, "Garba, ga aiki nik kawo ma, ka bar hamma hakanan."

Na zagaya injin. Na ce, "Wanga na mi na? Jirgi za ka tada?"

"Na motag ga na. Nata ya buga."

"Taubashi, nata fulogi huɗu gare shi. Wanga kamar ka ce in sa bajimi cikin akurkin kaji."

"Shi ya sa ban kai ma makanike ba," in ji shi, "nik kawo ma kai."

Da 'yan kallo suka watse, sai ya zauna kan benci ya gaya mini ainihin maganar. Dama na san wani bajimi ya taɓa matse shi jikin babbar mota a kasuwar Janbako, kafaɗarsa ta dama ta karye. An yi ɗori, ƙashi ya haɗu, amma ƙarfi bai dawo ba. Hannun yana riƙe kofi, yana gaisawa, yana nuna mutum a yi masa faɗa, amma ba ya jan komai. Abin da ban sani ba shi ne 'ya'yansa sun riga sun karɓe makullin babbar motarsa sun ɗaukar masa direba. Jar nan kaɗai ta rage masa, don giyarta da kanta take canzawa, sitiyarinta kuma mai laushi ne, da hagu yake murza shi. Babban ɗansa Nura, malamin makaranta, ya kafa masa sharaɗi a gaban 'yan'uwa: in motar ta fito daga gyara ba ya iya juya ta da hannu ɗaya, za a sayar, ya haƙura da tuƙi har abada. Shi kuma ya amsa.

Ya ce, "Ba ni zama gefe wani yaro na tuƙa ni kamar buhun gero. Ka sa injin, ka bar min sitiyarina yadda shike."

Ni kuwa da bakina, wanda bai taɓa jawo mini alheri ba, na ce, "Kwana bakwai."

Sa injin ma ba shi ne wahalar ba, ku ji da kyau. Kwana huɗu ni da Sani mai walda, maƙwabcin garejina, muka yanka nan, muka ƙara can, muka ƙera sababbin ƙafafun da injin zai zauna a kai. Muka sassauto shi da kaca a hankali kamar ana sauke amarya daga mota. Ya zauna. Lagireto, tankin ruwan inji, ya matsa gaba, batir ya yi hijira zuwa but, bonet ya rufe da ƙyar bayan Sani ya hau kansa. Muka tayar, injin ya yi gurnani, tsuntsayen darbejiya suka bar unguwar. Sai na ɗauko famfon sitiyari zan ɗaura, na leƙa, na ga babu inda zai zauna.

Bari in yi muku bayani, tunda Baturenku bai yi ba. Laushin sitiyari ba daga sama yake zuwa ba. Akwai famfo ɗan ƙarami da inji ke juyawa da bel. Famfon yana tura jan mai ta cikin tiyo zuwa ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, man ya taya ka turawa, ya koma ta wani tiyon. Shi ke nan. Amma a babban injin nan, mazaunin famfon yana can ƙasa ta gefen direba, daidai inda ƙashin motar ya tokare, ga sandar sitiyari, ga bakin salansa, kowa na neman wurin. Ko allura ka jefa a wajen sai ta nemi izini kafin ta wuce.

Sani ya ce, "Jefar da shi kawai. Haɗe tiyon biyu, mota ta tashi. Kowa haka shika yi."

Gaskiya ya faɗa, kowa haka yake yi. Kuma in mota na kan jak, tayoyi na lilo a iska, sitiyari ko jariri ya murza shi, sai mai mota ya yi murna ya tafi. Na ce mu gwada a ƙasa. Muka sauke ta, nauyin sabon injin ya danne tayoyin gaba. Na kama da hannu biyu, na dafe ƙafa, na murza har jijiyar wuyana ta fito ta gaida jama'a, tayar ta ɗan motsa kamar mai jin kunya. Alhaji Mamman ya ce in fito. Ya naɗe kansa ya shiga, ya sa hagu, ya ja. Ko gezau. Ya sake ja. Ya ɗora na dama a kai, ya sauke shi da sauri. Sannan ya fito, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Gobe ina dawowa."

Ya kuwa dawo, da tabarma da buta. Tunda babu kasuwa, garejina ya zama ofishinsa. Mutumin da bai san bambancin fulogi da murfin kwalba ba, shi ne ya zama mai duba aikina. Ya riƙa shafa injin yana matsa shi ta gefe kamar saniyar da zai taya. In na ɗauki sifana ya ce ba ita ba ce. In na ajiye ya ce na cika hutu.

Wuri ɗaya tak na samu da famfon zai iya zama, can sama, inda injin sanyaya mota yake. Na ce masa, "Taubashi, zaɓi ɗaya. Ko sanyi, ko sitiyari."

"Duka biyu."

"Ba su zama wuri guda."

"Kai dai ba ka iya ba."

"To tashi ka ɗauki shanunka ku ja abarku."

Ya kalli kafaɗarsa. Ya ce, "Cire sanyin. Ba cikin firij anka haife ni ba."

Daga nan aka shiga ƙera mariƙin famfo. Ba a sayar da shi ko'ina a duniya, don babu mahaukacin da ya taɓa haɗa wannan inji da wannan mota kafin mu. Kuma babu waya balle in tambayi na gaba da ni, lokacin mai son ya ce "salamu alaikum" ta waya sai ya yi guzuri ya tafi wata jiha. Kwali na yanka na gwada, na kai wa Sani ya fitar da shi a ƙarfe. Dole bakin famfon, inda bel ke hawa, ya yi layi ɗaya da na injin, in ya kauce ko da kaurin farce ne, bel ba zai zauna ba. Da zaren ɗinki nake awo. Na farko ya kauce. Na biyu ya lanƙwashe. A na uku bel ɗin ya tashi sama kamar shaho ya zabga wa akuyar maƙwabta a gindi, akuyar nan har yau in ta ji an tada mota sai ta shige ɗaki. A na huɗu na bar farce guda, a na biyar na bar ɗan'uwansa. Na shida ne ya zauna. Shi kansa bel ɗin, igiya na zagaya na auna tsawonsa, na bi shagunan kayan gyara na garin nan ɗaya bayan ɗaya da igiyata a hannu kamar mai neman ɓatacciyar tunkiya, kafin na same shi a ƙasan wani kwali da ƙura ta binne.

Saura tiyo. Tunda famfo ya koma sama, tiyon da ke kai mai ƙasa ya gaza da kamar taƙi ɗaya. A nan ne ɗan Maradun da ke cikina ya farka. Na ce, tiyo? Ni za a gaya wa tiyo? Na yanke shi biyu, na zura guntun bututu, na sa maɗauri, na kawo robar tub na naɗe, na ja har ta yi kuka, na soke bakinta. Ɗauri ya yi kyau, har na ja da baya ina kallonsa. Na aika aka gaya wa Nura ya zo ya ga aiki.

Ya zo bayan an tashi makaranta. Alhaji Mamman kuwa ya ci ado, farar shadda sabuwa fil, sai ƙamshi. Na tada mota, sitiyari ya yi laushi kamar man shanu. Na ce, "Taubashi, leƙa ka ga famfonka na aiki." Ya sunkuya cikin bonet. Ni kuma don burga na murza sitiyarin har ƙarshe na danne.

Ruwan fadama turo shi ake yi ya wuce abinsa. Man sitiyari kuwa, in ka kai shi ƙarshe ba shi da wurin zuwa, ƙarfin da ke taruwa cikin tiyon nan ya isa ya ɗaga ɗaki. Na san haka. Wallahi na sani. Hannuna ne bai sani ba. Sai ji muka yi fau, ɗaurin ya tashi, jan mai ya yi feshi kan salansa mai zafi, hayaƙi ya turnuƙe, wuta ta ɗan leƙo. Sani ya sheƙo da bokitin yashi ya juye, rabi kan injin, rabi kan Alhaji. Da hayaƙin ya lafa, sai ga taubashina tsaye, ja daga hula har cibiya, kamar ranar Layya ta same shi a mahauta.

Babu wanda ya yi dariya, sai Sani da ya ruga bayan shagonsa ya yi tasa a can. Nura ya dubi motar, ya dubi mahaifinsa. Ya ce, "Baba, don Allah a bar maganag ga hakanan. Yau riga ta, gobe ba mu san mi za ta ci ba."

Alhaji Mamman ya share fuska da hannun riga. Bai ko kalle ni ba. Ya ce wa Nura, "Ka ba shi zuwa Juma'a."

"Baba Garba ya ce kwana bakwai, yau wata guda."

"Na ce zuwa Juma'a."

Washegari da sassafe na kama hanyar Bakura da gutsattsarin tiyo cikin buhu. Akwai wani dattijo a can, Malam Umaru, mai haɗa tiyon taraktoci. Yana da wani ƙarfe mai haƙora da ake matsawa da jak, ya cije bakin tiyo da ƙarfe su zama abu ɗaya. Na gaishe shi, na zazzage buhu. Ya ɗauki guntun da robata ke jiki, ya juya shi, ya sake juyawa.

Ya ce, "Wa yay yi wanga ɗauri?"

Na ce, "Wani yaro na, can Mafara."

"A tiyon sitiyari?"

"Yaran yanzu, Malam, sai haƙuri."

Ya sa farce ya ɗaga inda na soke bakin robar. Ya ce, "Wanga sukar ta Malam Isa na Maradun ta. Mutum ukku ya koya ma ita, biyu sun rasu." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "In ka koma ka gaida yaron. Ka ce mai, fadama na nemanai."

Ya kira maƙwabtansa biyu suka zo suka ga ɗaurin, aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu kamar sabon jariri. Na zauna na shanye. Amma ya yi mini tiyo, tsawon da nake so, baki biyu a cije, ya kuma ce in nisanta shi da salansa in sa masa garkuwar gwangwani, in ɗaga tankin man ya fi famfo tsawo. Duk na sani. Na ce na gode.

Kwana biyu ina wanke yashin Sani daga cikin injin. Na ɗaura tiyo, na zuba mai, na ɗaga gaba a jak, na yi ta murza sitiyari dama da hagu, dama da hagu, har iskar da ke ciki ta gama fita, famfon ya bar gurnani. Na sauke ta. Na kai shi ƙarshe na danne, idona rufe. Shiru.

Ranar Juma'a da hantsi muka tafi kara, kasuwar shanu, don Alhaji ya ce can yake so, ba kan kwalta ba. Ni na tuƙa mu, Nura na biye a kan mashin. Kara babu kowa, babu ko ɗan maraƙi, sai yashi mai zurfi da turakun ɗaure shanu jere-jere. In sitiyari zai yi tauri, a yashin nan zai yi.

Alhaji ya ce, "Fita."

Na fita na tsaya kusa da Nura. Ya zagayo ya shiga. Ya ɗora hannun dama kan cinya inda kowa zai gani, ya sa hagu. Motar ta tafi a hankali, ta kewaye turke na farko, ta saƙa ta bayan na biyu, ta fito ta gaban na uku. Ya bi layin nan kaf bai taɓa ko ɗaya ba. A ƙarshe ya tsaya cik, ya murza tana tsaye, wanda shi ne mafi wuya, ya yi baya, ya juya ta a wurin da amalanke ma sai ta yi shawara. Ya sake biyo layin da baya-baya, don neman magana.

Nura ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Baba Garba, sannu da aiki." Ya hau mashin ɗinsa ya tafi.

Jar motar ta nufo ni. Na gyara riga, na miƙa hannu zan buɗe ƙofa. Taubashina ya danna mini oda sau biyu, ya ɗaga mini hannun daman nan da ba ya jan komai, ya taka mai. Injin ya yi ruri, yashi ya cika mini baki.

Da ƙafa na dawo, rana tsaka, takalmina ɗaya ya tsinke a hanya. Na iso gareji na tarar da motar a inuwa, shi kuma yana kan bencina, ya buɗe kwanon da aka aiko mini daga gida, ya cinye, yana suɗe yatsa.

Ya ce, "Ina ka tsaya? Tun ɗazu nike jiranka. Akwai gyara."

Na ce, "Wane gyara?"

"Sitiyarin ga ya cika laushi, kamar na mata. Ɗan ƙara mai tauri kaɗan."

Ban san lokacin da babbar sifanar kwance taya ta zo hannuna ba. Na dube ta, na dube shi. Na ajiye ta a hankali cikin akwati, na rufe, na ɗauki butarsa na tafi alwala.